Yadda ake gina jarumar fim ɗin tsoro da ban dariya na bayan halakar duniya

Matasan Yamai masu ɗaukar fim da waya, irin wannan fim bai cin kuɗi sosai, amma sai da yarinya mai kai. Ga yadda za ku gina ta.

Da farko ku ba ta dalilin tsira. A fim ɗin Night of the Comet na 1984, tauraro mai wutsiya ya mai da mutanen Los Angeles jar ƙura, waɗanda ya ɗan shafa kuma suka zama dodanni. Jarumar fim ɗin, Reggie, ta kuɓuta don ta kwana a ɗakin haska fim mai bangon ƙarfe, ƙanwarta Sam kuwa a wata rumfar ƙarfe. Taku jarumar tana iya kwana cikin kwantena a kasuwar Katako.

Na biyu, kuma nan aikin yake: dabararta ta fito daga abin da ta iya tun kafin masifa. Su Reggie ubansu soja ne, shi ya koya musu harbi. Taku mai tuyar ƙosai ce? To, makamanta tafasasshen mai, garin yaji da taɓarya. Ku nuna ta tun farkon fim tana watsa wa mai cin bashi baƙar magana, hannunta na juya matsami cikin kasko. In dodo ya zo daga baya, ɗan kallo ba zai yi mamakin abin da hannun nan zai aikata ba. Jarumar da ta tsinci bindiga kawai ta iya harbi, ni dai ba ta burge ni.

Na uku, dariya. Kada dodo ya yi barkwanci, ita za ta yi. ’Yan matan fim ɗin 1984, da suka ga gari ba kowa, kanti suka shiga suna gwada tufafi. A Zombieland na 2009 kuma, Wichita da ƙanwarta da wayo suka raba maza biyu da bindigoginsu da motarsu. Taku ta shiga Babbar Kasuwa ta ɗebi shadda da atamfa, amma sai ta tsaya tana taya kaya ita kaɗai, don sabo.

Na huɗu, ku ɗauki fim da sanyin asuba lokacin hunturu. Tituna fayau, hazo ya rufe sama, kyauta. Ku nemi izinin hukuma tukun, musamman kusa da gadar Kennedy.

Wanda ya ce wannan salo ba namu ba ne, ku tuna masa Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar: tun 1966 ya sa wa samarin Nijar hular kaboyi a kan dawakai a wani fim ɗinsa, da ’yar wasa Zalika Souley tare da su.