Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gane Kwayil Ya Lalace a Injin Mota

Injin fetur ba ya aiki sai mai da iska sun gauraya a cikin silinda, fistin ya matse su, sannan wuta ta kunna su. Fulogi ne yake ba da tartsatsin wutar, amma ba shi da wutar kansa, daga kwayil yake karɓa. Batirin ƙaramar mota bolt 12 kawai yake bayarwa, kuma wannan ƙarfi bai isa ya sa wuta ta tsallake ɗan giɓin da ke bakin fulogi ba, duk da cewa faɗin giɓin kimanin milimita ɗaya ne. Aikin kwayil shi ne ya ɗaga bolt 12 ɗin nan zuwa bolt 20,000 ko fiye. A cikinsa akwai waya iri biyu da aka naɗe a jikin ƙarfe, ɗaya mai kauri mai naɗi kaɗan, ɗaya kuma siririya kamar gashi mai naɗi dubbai. Wutar batir tana shiga mai kaurin ta haifar da maganaɗisu, idan aka yanke ta farat ɗaya sai babbar wuta ta taso a siririyar ta nufi fulogi. Injin gas, wato na dizal, ba shi da kwayil ko fulogin wuta, saboda haka wannan darasi bai shafe shi ba.

Kafin a taɓa komai, ya kamata mai koyo ya san irin motar da ke gabansa. Tsofaffin motoci irin su Fijo 504 kwayil ɗaya gare su, distiribita ce take rarraba wutarsa ga silinda huɗu ta wayoyin fulogi, don haka idan ya mutu motar ba za ta tashi ba sam, sai dai a ji kik yana juya inji a banza. Motocin baya-bayan nan kuwa, kamar Toyota Corolla ta 2003 zuwa sama, kowane fulogi da nasa kwayil a zaune a kansa. Idan ɗaya ya mutu, sauran ukun za su ci gaba da jan motar tana ɗingishi.

Wannan ɗingishin shi ne abin da kanikawa suke kira misin. Inji yana karkarwa a sulo, mota tana fizga idan aka taka totur ko ana hawan tudu, shan mai ya ƙaru, ana jin warin ɗanyen fetur daga salansa, wani lokaci har da ƙara kamar ta bindiga. Fitilar cek, wato fitilar gargaɗin matsalar inji da ke gaban direba, tana kamawa, idan kuma ta shiga ƙyaftawa, to a daina tuƙi mai nisa, domin man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin salansa ya ƙona katalis, wato abin da yake tace gubar hayaƙi a cikin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na kwayil sau da yawa. Sai dai duk waɗannan alamu ba na kwayil kaɗai ba ne. Mataccen fulogi, toshewar nozul mai fesa mai, yankewar waya da raunin matsi a silinda duk suna kawo su, kuma a nan ne masu mota da yawa suke asarar kuɗi, domin an saba da jin misin a ce a je a sayo kwayil.

Hanyar da ta fi tabbas, kuma ba ta cin ko sisi, ita ce musanya wa kwayil wuri, a motar da kowane fulogi yake da nasa. Da farko a nemo silindar da ba ta aiki. Idan akwai na'urar duba lambobin matsala, wadda ake jonawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari (motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da shi), za ta nuna lamba. P0301 na nufin misin a silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har P0304, amma P0300 na nufin misin ɗin bai tsaya a wuri guda ba. Lambobin P0351 zuwa P0354 kuwa suna nuni ga kwayil ɗin kansa ko wayar da ke kai masa wuta. Idan babu na'ura, sai a bar inji a sulo, a cire soket ɗin kwayil ɗaya na ɗan lokaci kaɗan, a saurara, a mayar, a koma na gaba. Duk wanda aka cire inji ya ƙara karkarwa, silindarsa tana aiki. Wanda aka cire amma sautin inji bai sauya ba, nan matsalar take.

A ce silinda ta biyu ce. Sai a kashe inji, a zare makulli, a kwance ɗan notin da ke riƙe da kwayil na biyu da na uku, a musanya musu wuri, a goge lambar matsalar ta hanyar amfani da na'ura, a tada mota a ɗan zaga da ita. Idan misin ya tashi daga silinda ta biyu ya koma ta uku, wato yanzu P0303 ake gani, to ciwon ya bi kwayil, ba sauran shakka. Idan kuwa ya tsaya a ta biyu, kwayil ba shi da laifi, sai a musanya fulogi ta wannan hanya, in har yanzu bai motsa ba a duba nozul, waya da matsi. Sharaɗin wannan gwaji shi ne a sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye. Wanda ya musanya kwayil da fulogi a lokaci guda zai ga misin ya ƙaura, amma ba zai san wanne ya ɗauke shi ba.

Ana kuma auna kwayil, musamman tsohon yayi, da mitar gwada lantarki, wadda take nuna turjiyar waya ga wucewar wuta da ma'aunin da ake kira om. Waya mai kauri takan nuna tsakanin rabin om zuwa om 2, siririyar kuwa om dubbai, kuma ainihin adadin kowace mota yana cikin littafinta. Amma kada a dogara da mita ita kaɗai, domin akwai kwayil da zai nuna lafiya lau yana sanyi, sai inji ya ɗauki zafi ya fara yanke wuta, kuma yawancin na zamani suna da ƙananan kayan lantarki a ciki waɗanda ba sa bari a auna su ta wannan hanya. Kada kuma a gwada wuta ta hanyar riƙe wayar fulogi da hannu kusa da jikin inji kamar yadda wasu suke yi, domin wutar tana fizgar mutum, kuma tana iya lalata kwamfutar motar. Akwai ɗan abin gwada tartsatsi da aka yi don wannan aiki.

Bayan an tabbatar kwayil ya mutu, sai a tambayi abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahunsa. A duba jikinsa ko akwai tsaga, ko wani siririn baƙin layi a jikin robar da ke shiga kan fulogi, wanda yake nuna inda wuta take zurarewa. A haska ramin fulogi da tocila. Idan an ga baƙin mai a ciki, gasket ɗin murfin inji ne yake yoyo, kuma dole a sauya shi. Idan ruwa ne, galibi daga wankin inji da famfo mai ƙarfi ya shiga. Fulogin da ya tsufa har giɓinsa ya buɗe yana tilasta wa kwayil fitar da wutar da ta fi ƙarfinsa, shi ya sa ya fi kyau a sauya fulogi tare da shi.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Panteka ta Kaduna, a tafi da tsohon a hannu, a gwada lambar da ke jikinsa da yawan haƙoran soket ɗinsa da na wanda za a saya, domin kwayil biyu suna iya yin kama a ido amma wayarinsu ya bambanta. Idan na hannu ne, ɗan Beljiyam, a yi yarjejeniya da mai shago cewa za a ɗaura shi a bar inji ya yi zafi sosai, in ya gaza a dawo masa da kayansa.