Yadda za ka sa motsa jiki ya rage maka haɗarin sankarar baki

Na sha ganin samari a filin ƙwallon unguwarmu. A buga awa guda, gumi sharkaf, ana tashi sai a zarce teburin mai shayi a kunna sigari. Wai an motsa jiki. Wannan kam an yi ba a yi ba.

Wani babban bincike na 2016, da ya bibiyi mutum miliyan 1.44 a Amurka da Turai, ya gano masu yawan motsa jiki ba su kai sauran kamuwa da sankarar kai da wuya ba, kuma ta baki na cikin wannan rukuni. Amma manyan masu jawo ta su ne giya da taba: sigari, shisha, da garin taba da ake dannawa tsakanin leɓe da dasashi. Don haka aikin motsa jikin a nan shi ne ya raba ka da taba.

Fara da tafiya da sassarfa, minti 30, kwana biyar a mako. Shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Kada ka kashe kuɗi a gidan motsa jiki, takalmin gwanjo ya isa. Ni bayan sallar asuba nake fita, kuma ban ga lokacin da ya fi shi ba.

Inda kowa ke faɗuwa shi ne bayan an gama. Jiki ya saki, an zauna, hannu ya tafi aljihu da kansa. Saboda haka ka fita ba ashana, ba laita, ba canji. Ka sauya hanyar komawa gida idan ta bi ta gaban mai tireda. Ka riƙe asuwaki da gorar ruwa, domin baki ya saba da riƙe wani abu. Sannan ka lura da lokutan da ƙishin tabar ke taso maka, galibi bayan cin abinci ko a majalisa da dare. Da ya taso, miƙe ka zaga layi na minti goma. Ƙishin ba ya daɗewa, kafin ka dawo ya lafa. Wani abokina wata biyu cur ya yi bai sha taba ba, ranar da ya ce "kara ɗaya kawai" aka koma gidan jiya.

Idan a rana kake fita, sa malfa, domin yawan shan rana na iya jawo sankara a leɓen ƙasa. Sau ɗaya a wata ka haska bakinka a madubi, ka ɗaga harshe ka duba gefensa da ƙasansa. Miki da ya wuce mako biyu bai warke ba, farin tabo ko ja, ko ƙullutu a wuya, tafi wurin likitan haƙori. Kada ka tsaya kurkure da ruwan gishiri.