Darasi na 9: Yadda Rauni Ke Warkewa

Da kaka raunuka kan yi yawa. Lauje ya goce ya kama yatsa, ko tushiyar dawa ta soki tafin ƙafa. Wani raunin mako biyu ya rufe, wani kuwa ya zama gyambo, a kai rani ana ɗingishi. Me ya bambanta su?

Da an yanke, jini kan daskare cikin 'yan mintoci ya toshe bakin ciwon. Daga nan fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, su garzayo wurin. Na farkon zuwa sunansu niyutirofil, kuma cikin 'yan sa'o'i suke isowa su yi ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan kwana 2 zuwa 3 sai manyansu su iso, su ake kira makarofej. Waɗannan haɗiye ƙazanta da mataccen nama suke yi. Wani masani ɗan Rasha, Mechnikof, ya ga irin wannan aikin a 1882. Ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku, washegari ya duba da madubin likita ya tarar ƙwayoyin jikin halittar sun yi wa ƙayar dafifi. Saboda haka ja da zafi da ɗan kumburin kwanakin farko kada su firgita ku, jiki ne ke aikinsa.

To amma sojoji ba su yin sabuwar fata. Wannan aikin ƙwayoyin tushe ne. Kamar irin da manomi ke ɓoyewa a rumbu suke: suna nan kwance, sai buƙata ta taso su hayayyafa. Akwai su a ƙasan fata, da gindin gashi, da cikin ɓargo. Su ma sojojin, asalinsu daga ƙwayoyin tushe na ɓargo ne.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne, ɓangarorin nan biyu suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. Sojoji kan fitar da sinadarin da ke tashin ƙwayoyin tushe, su rarrafo daga gefen rauni zuwa tsakiya. Wasu ƙwayoyin tushen kuma kan fitar da nasu sinadarin da ke kwantar da kumburi. Sai makarofej ya bar faɗa ya koma taya gyara: sababbin hanyoyin jini su tsiro, nama ya ciko. Ku duba rauni mai kwana biyar ko shida. Za ku ga jan nama mai tsabtsab da laima, ga wani siririn zobe mai haske a bakinsa. Zoben nan sabuwar fata ce, kada a goge ta da ƙarfi, kada a ɓamɓare ɓawon.

Idan ƙazanta ba ta bar wurin ba, faɗa ba ya ƙarewa, gyara kuma ba ya kankama. Shi ya sa nake baƙin ciki in na ga an zuba wa rauni ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko kashin shanu. Ƙasa da kashin dabbobi ma su ne matattarar ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, mai kisa. Ciwon suga shi ma yana hana kumburi sauka, don haka mai suga ya riƙa duba ƙafafunsa kowace yamma, har tsakanin yatsu.

A wanke rauni da ruwa mai tsabta, a wanke gefensa da sabulu, a rufe da bandeji ko ƙyalle wankakke. A ci wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko nono, a haɗa da zogale da gwaba, domin da abinci jiki ke yin nama. In rauni ya yi zurfi, ko ya fara wari da mugunya, ko jan yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti ran nan, a kuma tambayi allurar sarƙe-haƙora.

Aiki: Rubuta abubuwa uku da ake zuba wa rauni a ƙauyenku. Mu tattauna su a aji mai zuwa.