Kafin ka sayi tikitin jirgin ruwa a Speicherstadt

Jama'a, duk mai zuwa birnin Hamburg na Jamus ganin tsoffin rumbunan Speicherstadt, ka fara tambayar lokacin cikar ruwa kafin ka biya kuɗin jirgi.

Kogin Elbe yana cika yana janyewa sau biyu a rana. In ya janye, jirgi ba ya shiga lungunan ruwan da ke tsakanin rumbunan. Haka aka yi min, aka zaga da mu tashar jirage kawai.

Gine-ginen jan bulo ne, an fara su a 1883 kan turakun itace da aka kafa cikin laka, don ajiye kofi, shayi da kayan yaji.

Amma in ruwa ya yi yawa, jirgi ba ya wuce ƙarƙashin gadoji. Ranar sai ka taka zuwa gadar Poggenmühlen da ke cikin Speicherstadt da magariba, lokacin kunna fitilu. Ko sisi ba ka biya.