Yadda za ka kama lafazin mutanen Iran in kana kasuwa a Madina

Yan uwa masu tsayawa a shaguna wajen Markaziyya, unguwar da ke kewaye da Masallacin Annabi, kun san in alhazan Iran suka shigo suna Farisancinsu sai mutum ya ji kamar Larabci amma ya kasa kama komai, to matsalar kunne ce, ka iya karanta rubutunsu tsaf tunda harafin Larabci ne guda 28 suka ƙara 4 ya zama 32, sai dai bakinsu daban yake fitar da su.

Fara da huɗun nan. چ shi ne c ɗinmu na cinya, گ kuma g na gida, wannan mu Hausawa mun fi Balarabe sa'a wallahi. ژ kamar j ɗin Faransanci yake. پ ne kawai zai ba ka wuya don mu f muke mayar da shi, ka haɗe leɓɓanka gam ka saki iska, panj wato biyar, kada ka ce fanj.

Sai ka ajiye tajwidinka a gefe in ana hira. ز ذ ض ظ duk z ne a wajensu, س ث ص duk s, ت da ط t, ح da ه h. Watan azumi Ramazan suke ce masa, inda muke cewa alwala kuma su vozu suke cewa, don و ɗinsu v ne. Mutanen Afganistan dai sun riƙe w.

Wasali ne ya fi rikita ni da farko. Kisira e suke karantawa, rufu'a o, shi ya sa za ka ji ketab, Mohammad, kuma sunan da ya ƙare da ة ma da e suke ƙarasa shi, Fateme, Makke, Madine. Alifi mai ja kuwa daga can cikin baki yake fitowa, tsakanin a da o, ni a ɗan littafina â nake sa masa don in bambanta shi da gajeren a, ka yi haka kai ma, ka rubuta da boko yadda kunnenka ya ji, salâm, ketâb, khodâ hâfez wato sai an jima.

Ga wanda zai maka amfani a ciniki, mutanen Tehran ân suke mayarwa un in suna magana. A rubuce gerân ne tsada, arzân araha, amma hajiya za ta ɗaga dabino ta ce cande, nawa ne kenan, kana faɗin kuɗin ta ce gerune, wato ya yi tsada. Ka ja ƙarfin murya zuwa gaɓar ƙarshe ta suna, in ta biya ka ce mata mamnun, wato na gode.