Yadda za ka ƙalubalanci harajin gidanka a birnin New York

Wannan bayani na masu ƙananan gidaje ne, gidan iyali ɗaya zuwa uku.

1. A watan Janairu Sashen Kuɗi na birnin yake aiko da takardar ƙimar gida. Karanta ta da kyau. Duba faɗin fili, girman gini da yawan hawa, domin wani lokaci kuskuren daga nan yake.

2. Yi lissafi tukuna, don nan mutane suka fi ruɗewa. Ba a kan farashin kasuwa kai tsaye ake yanka haraji ba, a kan ƙimar haraji ne, wadda ba ta wuce kashi 6 cikin 100 na farashin. Raba ƙimar harajinka da ke cikin takardar da 0.06. Idan gidanka zai sayu sama da abin da ya fito, ƙorafinka da wuya ya yi tasiri, ko da kana ganin an tsawwala.

3. Tara hujja: farashin gidaje irin naka da aka sayar kwanan nan a unguwarku, da hotunan rufin da ke yoyo ko bangon da ya tsage. "Harajin ya yi mini yawa" ba hujja ba ce.

4. Cike fom ɗin ƙorafi mai lamba TC108, ka miƙa wa Hukumar Haraji ta birnin. Ranar ƙarshe 15 ga Maris ce, kuma ba a ɗaga ƙafa. Ajiye shaidar miƙawa.

5. Ci gaba da biyan harajinka kafin a yanke hukunci, kada kuɗin ruwa ya hau kansa. Idan hukuncin bai gamsar da kai ba, akwai damar zuwa kotu.