Yadda ake leƙa Dam ɗin Strawberry kafin farauta da kamun kifi

Kun yawaita tambaya kan wannan dam na tsaunukan Yuta a Amurka, inda ake farautar giraus, kazar daji mai kama da makwarwa. Ga yadda nake yi:

1. Fara yankar lasisin farauta da na kamun kifi.
2. Isa da asuba da rigar sanyi, tudun ya haura mita 2,300.
3. Bi gefen kurmin aspen (wata bishiya mai farin ɓawo) sannu a hankali, kana neman kashin tsuntsu da gashinsa.
4. Sa alamar wurin a taswirarka.
5. Da la'asar zauna bakin ruwa, ka lura da ƙwarin da kifi ke cafka.
6. Ɗaura ƙugiya mai kamarsu.

Hattara a nan: kifin cutthroat (wanda ke da jan zane a ƙarƙashin haɓa) mai tsawon inci 15 zuwa 22 dole ka mayar da shi ruwa nan take. Kada ma'auni ya bar aljihunka.